Munkaila Mai Eko

Duk wanda ya zauna Birnin Ƙonni a zamanin mulkin soja ya san Munkaila Labo. In bai san shi da wannan suna ba, to ya san shi da Mai Eko. Dogo ne siriri, mai tafiya da kai a karkace kamar kazar da ke duban shaho. Karkacewar tana da dalili: kunnensa na hagu ba ya ji. In kana magana da shi sai ya juyo maka na dama, idonsa kuwa yana kan leɓɓanka, ka ce jira yake ya kama ka da ƙarya.

Mutumin Bazaga ne. Ubansa manomin gero da wake, mai 'yan awaki da jaki guda. Munkaila bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Da ya tasa, gonar ta yi musu kaɗan shi da 'yan'uwansa, sai ya bi motocin da ke jigilar siminti daga Malbaza, yana karen mota. Wata rana suna canza taya a bakin hanya kusa da Tsarnawa, tayar ta fashe dab da kansa. Ya yi jinya ya tashi, amma kunnen ya tafi ke nan. Ranar da ya koma bakin aiki ya iske direba da abokan aikinsa suna hira suna dariya. Ya ji rabin maganar, ya cika sauran rabin da kansa, ya tabbata da shi ake. Tun daga nan haka ya zauna da duniya. Rabin da bai ji ba, a wurinsa kullum shi ne mugun rabin.

Ya bar mota ya sauka Ƙonni, ya koyi gyaran rediyo a hannun wani Bayarabe. Mutane suna mamakin mai kunne guda da sana'ar saurare, amma ya iya. Yakan manna rediyon a kuncinsa na dama, ya lumshe ido, yana murɗa abin nema a hankali har tasha ta fito. Ya kafa rumfa a ƙofar gidan da yake haya, ya auri Uwani, mace mai fara'a da ke tuya ƙosai a gefen rumfar. Ita kowa nata ne. Shi kuwa ko ɗan'uwansa ya kawo masa buhun wake daga ƙauye, sai ya cusa hannu har ƙasan buhun ya ji ko ba a yi masa ciko da ƙaiƙayi ba.

Daga gyaran rediyo ya shiga harkar lasifika. Ya mallaki ƙaho biyu, da makirufo, da batirin mota, yana kai su wurin biki da suna da kokowa a kan amalanken jaki. A lokacin, babban mai lasifika a garin shi ne Barmo, kuma Munkaila ba ya samun aiki sai wanda Barmo ya raina.

Ana nan, watanni kaɗan kafin Najeriya ta rufe iyaka, ya tsallaka kasuwar Illela, ta can ƙetare ba tamu ba. Wani ɗan kasuwa mai suna Maikano ya nuna masa akwatin ƙara wa murya ƙarfi, wanda masu sana'ar ke kira ampili. Baƙi ne mai nauyi, da maɓallai a jere. Maikano bai ja ciniki ba, kuma wannan ya dami Munkaila tun daga kasuwar har gida. Me ya sa ya sallama da sauri? Ko na sata ne? Ko ya ƙone a ciki?

Da hantsi ya haɗa shi a tsakar gida. Ya murɗa wani maɓalli da bai san aikinsa ba, ya kai makirufo baki ya ce, "Salamu alaikum."

Ƙahon ya amsa: "Alaikum… kum… kum… kum."

Ludayin da ke hannun Uwani ya faɗi cikin ƙullu. Ta ce, "Malam, wa ke ciki?"

Ya kwance bayan akwatin ya duba, bai ga komai ba sai wayoyi da ƙura. A ƙarƙashin maɓallin akwai rubutu, ECHO, na kusa da shi kuma REVERB. Ya taɓa yin karatun manya inda ake koyar da boko da Hausa, don haka na farkon ya karanta shi "eco", na biyun kuwa harshensa ya ƙi ɗauka.

Cikin ɗan lokaci labari ya bazu. Maroƙi in ya yi kirari a makirufon Munkaila, sunan mai biki sai ya riƙa dawowa yana raguwa kamar a cikin kogo. 'Yan kokowa suka ce ba su shiga fili sai da shi. Ana kiransa Tsarnawa, ana kiransa Malbaza wurin ma'aikata, har Illela tamu aka taɓa aiko mota ta ɗauke shi. Barmo ya koma cin saura. Amma Munkaila bai ji daɗin ɗaukakar yadda ya kamata ba. Ya lura in ya doso majalisa sai hira ta mutu. Ya ce a ransa hassada ce, kuma Barmo ne ke hura ta. Akwatin kuwa ba ya barin kowa ya taɓa shi. In zai shiga masallaci a wurin biki, sai ya lulluɓe shi da buhu ya sa Uwani ko wata tsohuwa ta zauna a kai.

Daminar shekarar ba ta yi ba. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe, iyaka kuma ga ta a rufe. Zamanin kuwa kowa yana tauna maganarsa kafin ya fitar, domin an ce hukuma tana da kunne a kowace rumfar shayi, kuma ba wanda ya san ko kunnen na maƙwabcinsa ne.

A cikin wannan hali, da aka koma lakwal, aka turo sabon malamin Ingilishi koleji, ya kama haya a gidan da ke jikin na Munkaila. Sunansa Alkasum, mutumin Agadas, ana ce masa Mushe Alkasum kamar yadda ake kiran malaman lakwal. Gajere ne mai tabarau, yana hawa ɗan babur ɗin nan mobilet, kuma yana da wani hali da bai dace da zamanin ba: tambaya. In ya ga mai jaki zai tambaye shi sunan igiyar da ke wuyan jakin. In Bafillatana ta kawo nono zai tsare ta da yadda ake cewa kaza da Fulatanci. Kusan kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a bencin rumfar Munkaila, ya sayi ƙosai, yana kallon akwatin da ke kan tebur.

Munkaila ya ce wa Uwani, "Mutumin ga ba banza ya zaka ba. Gidaje nawa ne a Ƙonni, sai jikin nawa?"

Ta ce, "Haba Malam, baƙo ne, kaɗaici ke damun shi. Iyalinshi ba su iso ba tukuna."

"Kaɗaici ba ya sa mutum tabarau yana ƙirga mini maɓallai da ido."

Wata la'asar Mushe Alkasum ya gyara zama ya ce, "Malam Munkaila, wanga abu da akwatinka ke yi, ku nan mi kuke ce mishi?"

Munkaila ya juyo kunnen dama. "Amsa-kuwwa. In an tambayi Turawa kuma, eco. Ga shi nan rubuce."

"Eko ake cewa," in ji Mushe yana murmushi. "Ka san inda kalmar ta fito?"

"Ni ina zan sani? Gyaran rediyo nike."

Malamin bai ji sanyin amsar ba. Ya sauko daga benci ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya rubuta kalmar a ƙasa. Ya ce Turawan Ingila ba su suka ƙirƙire ta ba, aro suka yi daga Rumawa, Rumawan ma daga Girkawa suka karɓo. Asalinta amo ne kawai, ƙara. Amma Girkawan da suna da tatsuniya a kai. Wai wata mata ce mai surutu, magana ba ta kwana a cikinta, sai aka yi mata baki aka ƙwace mata maganar kanta. Ba ta iya faɗar komai sai wutsiyar abin da wani ya faɗa. Ta shiga duwatsu ta yi ta ramewa har ta ƙare, murya kaɗai ta rage, tana maimaita maganar mutane.

Munkaila ya ce a ransa, mai ɗaukar maganar mutane tana maimaitawa. To wa yake nufi?

Mushe ya rubuta ta biyun. "Wannan da ke jikin akwatinka an gutsure ta ne. Cikakkiyarta reverberate. Gaban kalmar yana nufin komawa baya. Tsakiyarta kuwa, a harshen Rumawa, bulala ce."

"Bulala?"

"Awo. Bulala ko tsumagiya. Amo ya bugi bango, bango ya rama. Ka ga mu Hausawa mun fi su ladabi. Mu cewa munka yi dutse ya amsa kira. Su kuwa cewa sunka yi an yi duka an rama."

Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya rubuta ta uku, resound, ya fara bayanin cewa wannan ita ce mai taushi a cikinsu, ba duka ba la'ana, amo ne kawai ya sake tashi, kamar yadda kalangu ke cika fili. Amma daidai lokacin wata motar siminti ta wuce da rugugi, kuma Munkaila ya juya yana duban ko ƙura za ta shiga rediyoyin mutane, kunnen hagu ne ke wajen malamin. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Da ya juyo, Mushe ya riga ya rubuta wata doguwa, repercussion.

"Wannan ita ta fi ba ni mamaki," in ji shi. "Da can ita ma amsa-kuwwa take nufi, bugu ya tahi ya dawo. Yanzu ma'anarta ta koma abin da ke biyo bayan aikin mutum. Ka yi abu yau, ka manta, gobe ya dawo ya ishe ka har gida."

Ya miƙe ya karkaɗe wando, ya sa takalmi ya shafe rubutun tas, ya yi sallama.

Munkaila ya daɗe yana kallon wurin da aka shafe. Da Uwani ta zo kwashe kaskonta ya ce, "Kin ji? Mai kai magana, bulala, da abin da zai ishe ni har gida. Kashedi ya yi mini. Kuma kin ga ya goge, don kada a samu shaida."

Ta ce, "Rubutu ne, Malam. Wa ke barin rubutu a ƙasa awaki su taka?"

"Ke dai tuya ƙosanki."

Ba a jima ba aka kawo hatsin taimako wani ƙauye a bayan Tsarnawa, aka ce wani babba zai zo daga Tawa ya buɗe rabo. Shugabannin samariya, ƙungiyar samari ta hukuma, suka ɗauki Munkaila. Aka kafa rumfa, aka jera buhuna, jama'a suka zauna cikin rana da kwanoni da tsummokaran zuba hatsi, yawancinsu sun rame. Babban zai yi jawabi da Faransanci, tafinta yana juyawa. Kafin a fara, tafintan ya matso ya ce, "Ka sa mini abin nan mai maimaitawa, muryata ta yi kwarjini." Munkaila ya murɗa maɓallin har ƙarshe.

Hankalinsa kuwa ba ya kan jawabin. Ya hango Barmo a tsaye a bayan taro, ba a gayyace shi ba, yana ta tunanin abin da ya kawo shi.

Tafinta ya ɗaga murya: "Mun zaka mu kawar da yunwa!"

Ƙahonin suka ce: "Yunwa… yunwa… yunwa."

Mutane suka dubi juna. Babban ya ci gaba, tafinta ya bi shi: "Duk wanda ya ce an manta da talaka, ya yi ƙarya!"

"Ƙarya… ƙarya… ƙarya."

Wata tsohuwa a sahun gaba ta fashe da dariya, ta rufe baki da gefen zane, amma ina, ta riga ta fita. Dariyar ta bi sahu kamar wuta a kara. Babban ya tsaya, ya tambayi na kusa da shi abin da ake wa dariya, aka raɗa masa. Kafin Munkaila ya gane abin da ke faruwa, wani jandarma ya fizge wayar batir, wani kuma ya riƙe masa hannu. Shi da akwatin aka sa a bayan mota zuwa Ƙonni.

Can ya kwana. Washegari aka shigar da shi buro, ofishin shef, wato shugaban jandarma, akwatin yana kan tebur. Shef ya ce, "Wa ya sa ka? Akwai kaset a ciki? Muryar wa ke amsawa?"

"Ranka ya daɗe, muryar tafinta ce. Akwatin ne ke mayar da ita."

"Daga ina ka samo shi?"

"Illela ta Najeriya."

Shef ya ɗaga gira. Ya duba rubutun da ke jiki, ya ce a nemo wanda ya iya Ingilishi. Ba a daɗe ba Munkaila ya ji ƙarar mobilet a waje, sai ga Mushe Alkasum ya shigo da alli a yatsunsa, ya miƙa wa shef hannu suka gaisa. Munkaila ya ce a ransa, ga shi nan, ya shigo kamar gidansu.

Suka shiga Faransanci, wanda Munkaila ba ya ji ko da kunnen kirki. Ido kawai ya zuba. Ya ga Mushe ya nuna maɓallin, ya nuna bango, ya kai hannu ya dawo da shi. Ya ga ya ɗaga hannu ya kwatanta dukan bulala. Ya ga ya juyo ya nuna shi da yatsa yana magana mai tsawo. Daga nan shef ya sa aka haɗa batir, ya ɗauki makirufo ya daka tsawar da suke wa sojoji: "Gardabu!" Akwatin ya ce, "Bu… bu… bu." Shef ya yi dariya har da buga tebur, ya sake gwadawa, ya kira na waje su zo su ji.

Aka sallami Munkaila da akwatinsa, da gargaɗin kada ya ƙara taɓa wannan maɓalli a taron hukuma. A bakin ƙofa Mushe ya ce, "Hau in kai ka gida, mu ɗaura akwatin a baya."

"Na gode. Ƙafata lahiya lau take." Ya ɗora akwatin a ka, ya taka har gida cikin rana.

Bayan 'yan kwanaki Uwani ta zo da labari. Matar wani jandarma tana sayen ƙosai a wurinta, ta ce mijinta yana cikin buron ranar. Abin da Mushe ya faɗa shi ne, in akwai laifi na akwati ne, don ba ya zaɓen kalma, duk abin da ya zo ƙarshe shi yake maimaitawa. Ya kuma ce shi ya san mutumin nan, maƙwabcinsa ne, ba ruwansa da siyasa, in ana son mai tsaya masa ga shi.

"Ka ji, Malam. Tashi za ka yi ka yi mishi godiya."

Munkaila ya ce, "Ya san ni? Awo, ya san ni mana, sanin mutane ne aikinshi. Wanda ke iya hidda kai da magana guda, da magana guda zai iya sa ka. Malamin lakwal nawa ne a garin ga, sai shi anka kira?"

"Shi kaɗai ke koyar da Ingilishi!"

"To, kin gani."

Ya janye bencin daga rumfa, ya ce ƙafar bencin ta karye. Ya ƙara zana a kan katangar da ke tsakanin gidajen. Gaisuwa ba ta wuce ina kwana da lahiya lau. Uwani dai ba ta bi shi ba. Da iyalin Mushe suka iso ta ƙulla zumunci da matar, suna musayar gishiri da daddawa ta saman zanar. Da matar ta haihu, Mushe ya zo da kansa ya nemi lasifika don ranar suna. Munkaila ya ce yana da tafiya Bazaga, kuma ya tafi ɗin, don kada ya zama maƙaryaci. Da ya dawo ya ji Barmo aka ɗauka. Ya tafa hannu ya ce wa Uwani, "Ba na hwaɗa miki ba? Bakinsu ɗaya tun farko."

Haka suka zauna har aka buɗe iyaka, aka yi damina mai kyau, aka kuma yi wata. Sai takardar canjin wurin aiki ta zo wa Mushe Alkasum, za a mayar da shi gabas. Ranar tafiya, an gama ɗora kaya a mota, ya zo rumfar ya tsaya, tunda ba wurin zama. Ya zagaya ta wajen kunnen dama.

"Malam Munkaila, na zaka sallama. Na san abin da kake zato a kaina, ban kuma ga laifinka ba, zamanin ne. Amma bari in gaya maka abu guda. Satin da na sauka garin ga, mutum uku sunka ja ni gefe, kowa da nashi lokaci, sunka ce in yi hankali da maƙwabcina. Wai akwatinka ba maimaita magana kaɗai yake ba, ajiye ta yake, kai kuma kana kai wa hukuma. Wai shi ya sa ba ka bari a taɓa shi, shi ya sa kake kallon bakin mutane."

Munkaila ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ni?"

"Kai. Farkon zamana a bencinka, tsoro ne ya kawo ni, na ce gara in gani da idona. Daga baya na ga akwati ne kawai, kai kuma mutum ne mai ciwon kunne."

"Su wa sunka hwaɗi haka?"

"Ba zan kira suna ba. Amma ba Barmo a cikinsu."

Ya miƙa hannu. Munkaila ya karɓa, ba don ya yarda ba, sai don hannun ya riga ya iso. Motar ta tashi.

Da farko ya ce wannan ma dabara ce, irin maganar da ɗan leƙen asiri zai yi ke nan in zai bar gari. Amma maganar ta ƙi barinsa. Ya sake lura da yadda majalisa ke mutuwa in ya doso. Ba ƙyaftawar ido ta masu gulma yake gani ba. Mutane gyara zama suke, wani ya ɗauko zancen farashin goro, wani ya tuna yana da aike. Wata rana ya tambayi Uwani ko ta taɓa jin haka. Ta ce, "Tun shekarar da ka sayo akwatin nike ji. Ina tsoron in gaya maka ka ce ni na ƙirƙira." Ya mayar da bencin rumfar, amma ba kowa ke zama ba.

Da aka shiga zamanin jam'iyyu, lasifika ta zama abin nema. Kowace jam'iyya tana son Mai Eko, don sunan ɗan takara ya yi ta dawowa. Shi kuwa ya ƙi karɓar katin kowa. Yau yana wurin waɗannan, jibi yana wurin abokan hamayyarsu, kuma kafin a fara sai ya sa mai jawabi ya gaya masa kalmomin da zai ƙare da su. 'Yan kowane ɓangare suka ce ɗan ɗayan ɓangaren ne, in zai haɗa waya sai su daina shawara. Ya riga ya saba. Abin da bai shirya masa ba shi ne kunnen dama. Shekarun tsayuwa a ƙarƙashin ƙaho suka cinye shi a hankali, har ya zamana rediyo a kuncinsa sai dai ya ji motsinta. Ga kuma masu manyan akwatuna da janareto sun shigo gari. Ya sayar da kayan wa wani mutumin Malbaza, bayan ya sa shi ya rantse ba Barmo ne ya aiko shi ba, ya kwashi Uwani suka koma Bazaga, gonar ubansa.

A can ne, bayan wata shekarar ƙarancin abinci, mutanen unguwarsu suka haɗa hatsi suka gina rumbun gayya na siminti, wanda za a buɗe in bazara ta yi tsanani. Aka zauna zaɓen mai riƙe mabuɗi, aka yi ta ja, kowa yana da dangin da zai ji kunyarsu. Sai wani dattijo mai suna Takama ya ce, "Ku ba Munkaila. Mutumin da bai yarda da kowa ba, shi ya dace da rumbu." Aka yi dariya, aka kuma ba shi.

Ya rataya mabuɗin a wuya da igiyar fata, a ƙarƙashin riga. Kowace safiya sai ya zagaya rumbun yana duba sawun ɓera da na mutum, ya shinshina bakin ƙofa ko danshi ya shiga. Ba a taɓa buɗewa ba sai gaban jama'a da rana tsaka. Wata bazara ɗan mai unguwa ya same shi a gindin rumbun, ya sunkuya yana yi masa ihu a kunne cewa babansa ne ya aiko, a ba shi tiya kaɗan kafin ranar rabo, baƙi sun sauka.

Munkaila ya dubi leɓɓansa har ya gama. Sannan ya ce, "Ban ji ba, ɗana. Je ka ce ma babanka ya zaka da kanshi, ya taho da liman da Takama, su hwaɗa mini a gaban mutane. Wataƙila in ji."

Saurayin ya juya yana gunaguni. Uwani, da ke tsince wake a inuwar gefe, ta ce, "Ka ji shi sarai."

Ya juyo mata kunnen hagu, ya ci gaba da duba sawun ɓera.